Maƙera Da Gyaran Bindiga: Ina Iyakar Da Doka Ta Sa?

GOMBE: A Barunde, kamar sauran unguwannin Gombe irin su Pantami da Bolari da Jekadafari, ba a rasa masu sana'ar ƙarfe, ko maƙeri mai zuga-zugi ko mai walda. Yawancin aikinsu fartanya ne da gatari da ƙofofi. Amma hannun da ya iya waɗannan, shi ne kuma mai bindigar da ta lalace yakan nema. To, a nan ne ya kamata maƙeri ya san irin bindigar da aka kawo masa, domin wata gyaranta sana'a ce, wata kuwa taɓa ta ɗauri ne.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo bindigogi tare da Turkawa masu koyar da harbi. A ƙasar Gombe ma an sha amonta a Burmi cikin 1903, inda sojan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Wadda ta zauna a hannun talakawa ita ce bindigar toka, wato wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, sai an sake ɗuri. Da ita maharba suke shiga daji, da ita kuma 'yan bindiga suke tashin ƙura ranar hawan Salla. Maƙeran gargajiya sun san ta ciki da bai, suna sake mata kunama, su sassaƙa mata sabon gindi na itace, su goge tsatsa da magagari su shafa mai.

Ƙaramar bindigar hannu da ake kira fistol kuwa, wata aba ce dabam. Irin wadda ke ɗura kanta, ƙarfin harbin da aka yi shi ke jefar da kwanson da ya ƙone, ya kuma ɗauko sabon harsashi, mai ita sai ya sake jan kunama kawai. Wani Ba'amurke mai suna John Browning shi ya tsara fitacciyar cikinsu, wadda sojan Amurka suka karɓa a 1911, suka riƙe ta har 1985. A Amurka akwai masu lasisi da ba su da aiki sai gyara irin waɗannan bindigogi da ƙawata su. Sukan kwance bindiga, su kankare tsohon launinta, su goge ƙarfen har ya yi sheƙi, sa'an nan su tsoma shi cikin ruwan magani mai tafasa, ya fito baƙi wuluk da ɗan shuɗi. Wannan baƙin yakan rage tsatsa muddin ana shafa mai. A birnin Liyej na Beljiyam kuwa, an daɗe da sanin gwanayen da ke zana furanni a jikin ƙarfen bindiga da hannu.

A Nijeriya zancen ba haka yake ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, kuma fistol da libarba suna ciki tare da bindigogin soja, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin bindigogin farauta na bature, lasisinsu na hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Har ila yau dokar ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta ba tare da izini ba, kuma izinin da maƙeri zai iya nema bai kai ga fistol ba. Ƙera makaman soja aikin ma'aikatar DICON ce ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Bugu da ƙari, dokar soja ta 1984 a kan fashi da makami ta yanka wa wanda aka kama da bindiga ba lasisi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun.

Akwai dalilin wannan tsanani. Kowace fistol ta kamfani tana da lamba a jikinta, da ita 'yan sanda suke gano inda ta fito. Ɓarawon da ya sato ta, babban burinsa a kankare lambar, a sake mata launi, ta ɓace wa masu bincike. Maƙerin da ya yi masa wannan aiki don 'yan kuɗin cefane ya zama abokin laifinsa, kuma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Mutanen Gombe da suka ga ta'asar 'yan kalare, suka kuma ga harin Boko Haram cikin garin a Fabrairun 2015, ba sa bukatar a gaya musu abin da makami ke yi a hannun da bai dace ba. Saboda haka ya kamata sarakunan maƙera su riƙa tara mutanensu suna karanta musu dokar nan da Hausa. Mai son gyaran bindigar toka ya nemi izinin 'yan sanda, ya kuma tambayi maharbi lasisinsa kafin ya hura wuta. Wanda aka kawo wa fistol kuwa, ya ce ba aikinsa ba ne, ya sanar da mai unguwa.