Ganin ciki ba tare da an fasa ba

Da damina, lokacin ƙwan zabi, mai saye a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya san abin yi. Ya dunƙule hannu a kan ƙwan, ya ɗaga shi saitin rana, ya leƙa. Mai kyau haske ke ratsa shi, baragurbi kuwa duhu. Ba a fasa ba, amma an san abin da ke ciki.

Likitoci sun samo irin wannan dubawa ga jaririn da ya zo babu rai da tawayar halitta. A da, in ana son sanin dalili sai an tsaga gawar. Da wuya uba a ƙasar Gobir ya yarda, kuma ban ga laifinsa ba: addini ya tsare mutuncin gawa, ga gaggawar sutura. Yanzu na'urar MRI na nuna ƙwaƙwalwa, laka, zuciya da ƙoda ba tare da wuƙa ta taɓa jiki ba. Wani bincike da aka yi a Landan, mujallar Lancet ta buga a 2013, ya duba gawa 400, 277 daga ciki 'yan tayi. Hoton, haɗe da gwajin jini da duba mabiyiya, ya dace da sakamakon tsaga gawa a kusan kashi 95 cikin ɗari na 'yan tayin. Hoto shi kaɗai ya gaza sosai ga waɗanda ba su wuce mako 24 ba.

Abin da ya dame ni shi ne uwar. Mace a ƙauyen Tsamaye ta yi asara sau biyu, sau uku, sai a ce wabi take yi, ko a ɗora wa iska, ko a zargi kishiya. Alhali wataƙila lakar jaririn ce ba ta rufe ba, abin da ke faruwa cikin kwana 28 na farkon ciki, tun ba ta san tana ɗauke da shi ba. Wannan yana da rigakafi. Gwajin da aka wallafa a 1991 ya nuna shan ƙwayar folik asid tun kafin ɗaukar wani cikin na rage maimaituwarsa da kusan kashi 70. In kuma gado ne da auren zumunci ya haɗa, miji da mata za a zaunar tare.

Na'urar MRI dai sai babban asibiti irin na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga 'yan bindiga a hanya. Amma ungozoma na iya duba kan jaririn da gadon bayansa kafin a lulluɓe shi, ta ɗauki hoto da waya in iyaye sun amince, a kai wa likita ranar da uwar ta je asibiti.