Jan Ruwan Kwalbar Biki da Zoɓon da Ya Kwana: Ina Gaskiyar Maganar Giya?

Da zarar lokacin bukukuwa ya kama a Argungu da Birnin Kebbi sai maganar ta taso. Wai dogayen kwalaben nan masu jan ruwa da ake jerawa gaban amarya giya ce aka sauya wa suna, wai kuma zoɓo in ya kwana ya zama barasa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ƙarin gishirin ya fi yawa.

Ainihin jar giyar inabi ana yin ta ne da baƙin inabi, irin su Cabernet Sauvignon da Merlot na yankin Bodo a Faransa. A matse shi, a bar ruwan da ɓawonsa, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Wadda Turawa ke haɗawa da jan nama ba ta da zaƙi, sai bauri, barasarta kuwa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Haramcinta ga Musulmi ba abin musu ba ne. Masu cewa tana gyara zuciya kuwa, a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa.

Kwalaben biki iri biyu ne, kuma a nan mutane ke rikicewa. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, bai taɓa tsima ba, wannan lemo ne kawai. Akwai kuma wanda giya aka fara yi sannan aka cire barasar, kuma barasar da ta rage a ciki takan iya kaiwa kashi 0.5 cikin ɗari. Mai gudun shubuha ya juya kwalbar ya karanta abin da aka haɗa, ya duba adadin barasa da lambar NAFDAC. Siffar kwalba da ƙarar murfi ba hujja ba ne.

Zoɓo fa? Dare ɗaya a firij ko cikin ƙanƙara ba ya mai da shi komai. Amma wanda aka cika wa sukari da abarba, aka ɗura a gorar roba, aka bar shi kwanaki cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, lallai zai fara tsima. Alamun ba sa ɓuya: gorar ta kumbura ta yi tauri, in an murɗa murfin ta yi huci, kumfa ta taso, warin tsami ya bugi hanci. Wannan a zubar da shi. Ko ba don barasa ba, don cikin yara.

Cewa zoɓo na ƙara jini saboda ja ne, wannan ba haka ba ne, launin na furen ne kurum, kuma mai ƙarancin jini asibiti ya kamata ya nufa. Abin da aka gwada shi ne hawan jini. Wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da ya fito a 2010 ya nuna kofi uku a rana har mako shida ya rage awon sama da kusan maki 7. Taimako ne, bai kai a ajiye maganin likita ba.

Wajen abinci, a ganina zoɓo bai bar mu da kwaɗayin komai ba. Tsaminsa na wanke maiƙo daga baki, shi ya sa yake tafiya da balangu, tsire da kilishi. Jar giya ma an san ba ta jituwa da kifi, takan tayar da ƙarni, alhali zoɓo mai citta da kanumfari na sauka lafiya bayan soyayyen giwan ruwa na kogin Matan Fada da ke Argungu. A dai rage sukari, domin zaƙi in ya yi yawa yana danne ɗanɗanon yajin. In kuma aka zuba wa zoɓon madara aka ga ta tsinke, tsami ne ya yi aikinsa, ba guba ba ce.