Ciwon Zuciyar Maijego: Alamunsa, Ganewarsa da Maganinsa

Kalmar "ciwon zuciya" a bakin Bahaushe tana da fuska biyu. Akwai na ɓacin rai, wanda haƙuri ke warkarwa, akwai kuma na tsokar da ke cikin ƙirji, wanda sai likita. A kan na biyun zan yi magana, musamman irin wanda ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa.

A shekarar 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga bincikensu kan mata fiye da 200 da suka duba a Zariya. Zarginsu ya faɗa kan al'adun jego, watau wanka da ruwa mai tsananin zafi har kwana 40, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuwa yana sa zuciya ta ƙara aiki. To, amma binciken Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fi karkata ga talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. A ganina kanwa ba ta kuɓuta daga zargi ba, sai dai ba ita kaɗai ce mai laifi ba.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Maijego ta riƙa haki ko da tsakar gida ta ratsa. Ba ta iya kwanciya rigingine sai an tokare ta da matasai, tari ya tashe ta cikin dare, ƙafafu su kumbura, in aka danna da yatsa gurbin ya zauna. Dalili kuwa, zuciyar ta saki, ba ta tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu.

Nan ne fa ake ruɗewa. A ƙauye irin Dugabau, ta ƙasar Kabo, da an ji tari da haki sai a ce fuka ce, alhali kalmar fuka kanta ta haɗa cututtuka biyu, asma da tarin fuka. Mai tarin fuka yakan yi zazzaɓi da gumin dare, ya rame, wani lokaci ya tofar da jini. Awon majina ke tabbatar da shi, maganinsa na wata 6 ne. Na zuciya kuwa, likita zai saurari ƙirji, ya duba jijiyoyin wuya, ya ɗauki hoton ƙirji, sa'an nan na'urar da ke nuna zuciya tana bugawa ta yanke hukunci. Don wannan na'ura sau da yawa sai an tura mara lafiya daga Gwarzo zuwa Kano.

Magani shi ne ƙwayoyin da ke sa fitsari don ruwan ya fita, da masu sauƙaƙa wa zuciya aiki, da barin kanwa, da rage gishiri, da hutu. Wasu matan zuciyarsu takan koma daidai cikin watanni, wasu kuwa ba ta komawa. Ga waɗannan, sake ɗaukar ciki hatsari ne ga rai, saboda haka lalle miji ya zauna a gaban likita tare da matarsa ranar da za a yi wannan bayani.