Fara Amfani Da Na'urar Hura Iska Ga Mai Ciwon Ɗaukewar Numfashi A Cikin Barci

A ƙasar Hausa ba a ɗauki minshari a bakin komai ba. Wasu na ganin alamar gajiya ce, wasu kuma na cewa barci ne ya yi daɗi. Sai dai akwai wani nau'in minshari da likitoci suka tabbatar ciwo ne, wato wanda mai barci zai yi ta ja da ƙarfi, can sai ya yi tsit kamar an shaƙe shi, numfashinsa ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura ya jawo iska da gurnani, ya ci gaba da barcinsa ba tare da ya san abin da ya faru ba. Galibi matar aure ce ke fara lura da haka, shi kuwa maigida abin da ya sani kawai shi ne yana wayar gari da ciwon kai da bushewar baki, yana kuma gyangyaɗi a gona ko a majalisa da rana tsaka.

An shirya wannan bayani ne domin mazauna Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari da ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku, musamman waɗanda likita ya riga ya gano musu wannan ciwo ya kuma rubuta musu na'urar da ake kira CPAP, tare da jami'an lafiya, kansiloli, dagatai da masu unguwanni da jama'a kan nufa da tambaya.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki. Ga mai wannan ciwo sukan saki har su toshe hanyar iska, iskar oksijin da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na ɗan ƙanƙanin lokaci domin hanyar ta buɗe. Likitoci na ƙidaya sau nawa hakan ke aukuwa a cikin awa ɗaya ta barci: daga 5 zuwa 14 ciwo ne mai sauƙi, daga 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Ƙiba, kaurin wuya da ya haura santimita 40, yawan shekaru da toshewar hanci na daga cikin abubuwan da ke jawo shi, ko da yake sirara ma ba su tsira ba. Ciwon yana da alaƙa da hawan jini mai ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Kada a haɗa shi da dannau, wanda mutum ke farkawa ya kasa motsi. Wannan wani abu ne dabam.

Wani nazari da aka buga a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne ke da ciwon a duniya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

Na'urar da aikinta

Wani likita ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro wannan hanyar magani a birnin Sidni, aka buga sakamakon gwajinsa a 1981. Na'urar 'yar ƙarama ce, ba ta fi akwatin rediyo girma ba. Tana zuƙo iskar ɗaki, ta tace ta, ta hura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da mai barci ya ɗaura a hanci, sai ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Ba tukunyar oksijin ba ce, ba kuma irin na'urar da ake sa wa wanda ke cikin mawuyacin hali a asibiti ba ce. Mutum da kansa yake numfashi, ita hanya kawai take buɗe masa. Yana da kyau a yi wa iyali wannan bayani tun ranar farko, domin ganin maigida kwance da tiyo a fuska na iya tayar da hankalin mata da yara, har maƙwabta su fara zuwa dubiya.

Ana auna ƙarfin iskar daga lamba 4 zuwa 20, kuma likita ne ke tsayar da wadda ta dace da kowane mutum bisa gwajin barcin da aka yi masa. Saboda haka aron na'urar wani, ko murɗa lambar da ka, kuskure ne. Haka kuma na'urar ba ta kawar da ciwon daga tushe; daren da aka ajiye ta, toshewar na dawowa.

Wutar lantarki kafin sayen na'ura

A ganinmu, wannan shi ne babban abin da mutumin karkara zai fara warwarewa, tun ma kafin ya sayar da hatsi ko dabba ya biya kuɗin na'ura. Ƙauyuka da dama na yankin ba su da tsayayyar wuta, na'urar kuwa kowane dare take so. Idan ba a kunna sashen ɗumama ruwa ba, yawancin na'urorin ba sa cin fiye da wat 60, wato abin da bai kai wat 500 ba a cikin awa takwas. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda ake haɗa wa sola, yana ɗaukar kimanin 1,200, kuma ko da rabinsa aka yi amfani da shi domin kada ya mutu da wuri, zai kai mutum asuba. Sashen ɗumama ruwa shi ne mai shan wuta, yana iya ninka wannan lissafi. A tambayi mai sayarwa ko na'urar na da wayar da ke haɗa ta kai tsaye da batir, domin hakan ya fi bi ta inbata tattalin wuta.

Wanda zai dogara da janareto ya ajiye shi a waje, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, wadda ke kashe mutane a cikin barci, na'urar kuma duk iskar da ta samu a ɗaki ita za ta tura wa huhu. Idan wuta ta ɗauke cikin dare ba abin firgita ba ne, a cire takunkumin kawai. Akwai ƙananan huji a jikinsa da iskar da aka fitar ke bi. Kada a liƙe su da sunan iska na zurarewa.

Akwai kuma batun na'urorin kwance da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da samfurin DreamStation na farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya ruɓewa ya bi iska zuwa huhu, kuma zafi da laima na ƙara saurin ruɓewar. Wanda ya san zafin watan Afrilu da damunar Birnin Gwari ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Duk wanda aka yi wa tallar na'urar hannu, ya rubuta sunanta da lambarta ya nuna wa likita kafin ya ba da kuɗi, takunkumi da tiyo kuwa ya sayi sababbi.

Makonnin farko

Yadda mutum ya yi da na'urar a makonni biyu zuwa huɗu na farko shi ke nuna ko zai ɗore da ita, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka watsar da ita a nan suka karaya. Daren farko ba daɗi gare shi ba. Iska na turowa, fitar da numfashi na yin nauyi, wani ma sai ya farka ya tarar ya fizge takunkumin ya jefar bai sani ba. Duk wannan abu ne da aka saba gani. Dabarar ita ce a fara sa shi da rana a zaune, na minti 20 ko 30, ana sauraren rediyo, har fuska ta saba. Yawancin na'urori na da maɓallin da ke fara hura iska a hankali ya riƙa ƙarawa har barci ya ɗauke mutum. A roƙi jami'in da ya ba da na'urar ya nuna shi.

Takunkumin iri uku ne: mai shiga ƙofofin hanci, mai rufe hanci, da mai rufe hanci da baki. Masu gemu da saje, waɗanda su ne mafiya yawan magidantanmu, sun fi dacewa da mai shiga ƙofofin hanci, domin gashi na hana sauran kama fata. Mai barci baki buɗe kuma yakan bukaci na uku ko maɗaurin haɓa. Ɗaure igiyoyin tamau ba ya hana zurarewar iska, sai dai ya bar gyambo a karan hanci. Idan ciki na kumbura da iska da safe, ko ido na ja saboda iska na bugunsa, a sanar da likita domin ya gyara lamba ko ya sauya takunkumi.

Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne awa huɗu a dare, a darare bakwai cikin kowane goma, amma amfanin na ƙaruwa ne gwargwadon yawan awoyin. Wani babban gwaji da aka buga a 2016 ya nuna cewa masu ciwon zuciya da suka riƙa sa na'urar awa uku da 'yan mintuna a dare sun samu sauƙin gyangyaɗi, amma haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki bai ragu ba. Don haka wanda ya tashi sallar asuba zai koma ya kwanta, ko zai yi ƙailula, ya sake ɗaurawa. Kuma kada kowa ya daina shan maganin hawan jini ko na sukari don ya fara amfani da na'ura.

Ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce. Matatar iskar da a wasu ƙasashe ke yin wata guda, a nan sai a riƙa duba ta duk mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a tanadi na canji tun daga birni. A ɗora na'urar a kan kujera ko teburi, kada a ajiye ta a ƙasa, a lulluɓe ta da ƙyalle da rana. Kada a kunna maganin sauro mai hayaƙi ko turaren wuta kusa da ita. Gidan sauro ya wadatar, a zura tiyon ta ƙarƙashinsa a soke sauran gefen. A goge takunkumi kullum, a wanke tiyo da ruwa da sabulu mara ƙamshi mako-mako, a shanya a inuwa. Tankin ɗumama iska ya fi son ruwan da aka tace ta turiri, wanda ake samu a manyan shagunan magani. In babu, a tafasa ruwa mai tsabta ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya. Ruwan batir na wurin makanikai bai dace ba, domin wani akwai asid a cikinsa.

Kada a kai mai minshari wurin wanzami a cire masa beli. Toshewar ta wuce wurin belin, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin sa barci, tiramadol da kodin na ƙara sakin maƙogwaro, suna kuma danne numfashi. Rage ƙiba da kwanciya a kan gefe maimakon rigingine suna taimakawa sosai.

Direbobi da jami'ai

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, manyan motoci suka koma bin hanyar Kaduna da ta Funtuwa. Bincike ya nuna cewa direba mai wannan ciwo da ba ya magani na da haɗarin yin karo ninki biyu ko fiye, kuma na'urar na rage wannan haɗari. Goro da shayi ba sa biyan bashin barcin da aka yi asara. Direba ko ɗan acaɓa da aka gano yana da ciwon ya dakata da doguwar tafiya har sai gyangyaɗin rana ya gushe, ana kuma kira ga shugabannin tasha da kada su mai da wannan dalilin raba mutum da sana'arsa, domin tsoron hakan ne ke sa direbobi ɓoye lalurar.

Ga jami'an lafiya a matakin farko, duk mai hawan jinin da ya ƙi sauka duk da shan magani iri-iri, a tambaye shi, a kuma tambayi iyalinsa, game da minshari da ɗaukewar numfashi, sannan a rubuta masa takardar turawa zuwa Babban Asibitin Birnin Gwari. Daga can ana iya tura shi ga ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Inda cibiyar lafiya ke da sola, kwamitin ci gaban mazaɓa na iya duba yiwuwar taimaka wa irin waɗannan marasa lafiya da cajin batir da rana.

Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna akwai tafiyar kimanin kilomita 120, saboda haka a tsayar da ranar komawa asibiti tun ranar karɓar na'ura, cikin wata na farko, a kuma karɓi lambar wayar sashen domin ƙananan matsaloli. Ranar komawar a tafi da na'urar gaba ɗaya da takunkuminta, domin akwai ɗan kati a jikinta da ke ajiye lissafin awoyin da aka yi da ita, da yawan iskar da ta zurare, da sau nawa numfashi ya ɗauke, kuma da shi likita zai yi gyara. In da hali, wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiyar ya raka shi.