Bayani a Kan Zanen Bango, da Asalinsa, da Hukuncinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Wanda ya bi hanya daga Kebbe zuwa Tambuwal yana duban gidaje zai ga bulo da kwano suna cin gurbin tubali da azara. To, akwai wata sana'a da ke gushewa tare da ginin ƙasa, ita ce zanen bango, watau adon da magina ke yi ga fuskar zaure da cikin soro.

Ga yadda ake yinsa. Magini ya yaɓe bango, tun yaɓen na da danshi sai ya ja zane da yatsunsa, ko ya ɗora ƙasa ta yi tudu, ya karkata ta yadda ya nufa. In ya bushe a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, domin kada ruwan sama ya cinye shi. Bisani a bi da farar ƙasa da jar ƙasa. Siminti da fenti daga baya sunka shigo.

Mafi shahara cikin magina shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ya ƙawata ginshiƙai da bakan gizo na cikinsa da zane. Irin wanga aiki yana nan cikin Gidan Rumfa a Kano, da unguwar Birni ta Damagaram. Da fatauci ya buɗe a shekarun 1940 da 1950, attajiran Tudun Wadan Zariya sunka fito da ado waje, har anka riƙa zana keke da mota da jirgin sama ga bangon gida.

Amfaninsa kuwa, zane shaida ne. Baƙo na ganin zaure ya san gidan mai wadata ne, ko na mai sarauta. Kuma dagin da ke jikin bango shi ne maɗinki ke sa wa riga, danginsa ne almajiri ke gani ga allon zayyana ranar sauka. Ashe magini da maɗinki da mai zayyana rijiya ɗaya suke ɗiba.

Amma hukuncinsa, abin da anka hana shi ne suranta mai rai. Buhari ya ruwaito wani mai sana'ar sura ya zo wurin Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, ya tsoratar da shi, sa'an nan ya ba shi izinin zana itace da duk abin da ba shi da rai. Haka anka yi a masallacin Dimashƙa na ƙasar Sham, wanda Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki ya fara ginawa a 706: itatuwa da ƙoramu da gidaje ne a bangonsa, ba mutum ba dabba. Don haka dagi da takobi da tauraro ba laifi gare su, matuƙar ba a kai ga almubazzaranci da alfahari ba.

Abin tsoro shi ne, zanen ƙasa ba shi daɗewa sai da gyara bayan damina, kuma ilminsa a hannun magina yake, ɗa ya gada daga uba. In attajirai sun daina kiransu, 'ya'yansu su kama wata sana'a, shi ke nan ya tafi. Falke Barmu na Yama, a ƙasar Tawa ta Nijar, ya fara masallacin garinsu da ƙasa a 1962, a 1986 anka ba aikin kyautar Aga Khan. Wanda Allah ya hore wa gina zaure ko makaranta, ya nemi tsohon magini tun yana da rai, ya haɗa shi da yara masu koyo.

Allah shi ne masani. Tammat bi hamdillahi.