Tauraruwar Shi'ira: Ashe Biyu Ce

'Yan'uwanmu da ke jiran motar aiki da asuba a Sana'iyya ta Doha sun san ta. Daga watan Agusta take ɓullowa ta kudu maso gabas, ko fitilun masana'antu ba sa dushe ta. In aka cire Zara da 'yan'uwanta masu kewaya rana, babu tauraruwar dare da ta kai ta haske. Ita ce Shi'ira ta Suratun Najmi, aya ta 49, wadda wasu Larabawan jahiliyya suka bauta wa.

Ido ɗaya yake gani, alhali biyu ne. A 1844 wani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya lura tana tangaɗi a tafiyarta, ya ce lallai wani abu ne ke jan ta. Ya mutu bai gan shi ba. Sai 1862 Alvan Clark na Amurka, yana gwada sabon madubin hangen nesa, ya hango ƙaramar. Shekara 50 suke ɗauka su kewaya juna. Ƙaramar ba ta wuce duniyarmu girma ba, amma nauyinta ya kusa na rana. Ikon Allah!

Kada dai mu ɗauke ta a matsayin Suhail, wadda ke ƙasa da ita ta kudu. Mutanen Katar na jiran Suhail wajen 24 ga Agusta, alamar zafi zai fara sauka. Amma dokar hana aiki a rana, daga ƙarfe 10 zuwa 3 da rabi, tana nan har 15 ga Satumba. Iyaye, in ɗa ya bugo waya, a tuna masa.