Sanannen Ƙari da Kason Dawowa: Nazarin Awon Ruwa a Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana kuka da yawaitar ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta, abin da ya sa masu bincike suka sha auna ruwan rijiyoyi da na Kogin Yobe, da ma na fadamun Haɗejiya-Nguru, suna neman ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kadmiyam ya wuce maikirogiram 3 a litar ruwan sha, dalma kuwa 10. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake tantance gaskiyar awo mai ƙanƙanta haka, tare da ba da shawarar kalmomin da suka dace da shi.

2.0 Yadda Ake Lissafin

Akan raba samfurin ruwa gida biyu. A auna kashi ɗaya yadda yake, ɗayan kuma a zuba masa wani adadi na sinadarin da ake nema. Wannan adadin muka kira sanannen ƙari. Ba mu ce gyara ba, domin gyaran kasuwa ba a auna shi. Sai a ɗebe awon farko daga na biyu, a raba da ƙarin, a ninka sau 100. Abin da ya fito shi ne kason dawowa.

Misali, ruwa ya nuna maikirogiram 1, aka ƙara 4, na'ura ta nuna 4.6. Bambancin 3.6 ke nan, wato kashi 90 cikin ɗari. Galibi akan amince da sakamakon da ya faɗa tsakanin kashi 80 da 120.

3.0 Matsalar Ƙanƙanta

Idan aka yi kuskuren 0.3 a ƙarin 4, kason zai kauce da 7.5 kawai, amma a ƙarin 1 zai kauce da 30. Haka kuma, in abin da ke cikin ruwan bai kai yadda na'ura za ta gane ba, akan ɗauke shi sifiri. To, da akwai 0.4 a ɓoye aka ƙara 1, sai lissafi ya ba da kashi 140, a zargi na'ura alhali lafiyarta ƙalau. Saboda haka wajibi ne ƙarin ya ɗara iyakar ganin na'ura ninki da dama.

4.0 Kammalawa

Bisa irin wannan awo ake rufe rijiya ko a bar jama'a su ci gaba da sha. Ya kamata masana harshe su daidaita waɗannan kalmomi, domin ma'aikacin lafiya ya iya yi wa mai rijiya bayani da Hausa.